Kurosus Sarkin Lidiya, Wanda Ya Raba Zinariya da Azurfa

Masu karatun Littafi Mai Tsarki sun san sunan Sardisu daga Wahayin Yahaya, inda take cikin ikilisiyoyi bakwai na ƙasar Asiya. Sa'ad da aka aika wa ikilisiyar da wasiƙa, birnin ya riga ya tsufa, darajarsa kuma ta ragu ƙwarai. Fiye da shekara 600 kafin wannan lokaci, Sardisu ce fadar mulkin Lidiya, wata ƙasa mai ƙarfi a yammacin inda Turkiyya take a yau, gabas da Samirna wadda yanzu ake kira Izmir. Sarkinta na ƙarshe shi ne Kurosus, wanda sunansa ya zama abin misali a bakin Helenawa da Romawa duk sa'ad da ake zancen dukiya. Turkawa suna ce da shi Karun, sunan da Bahaushe ya sani da Ƙaruna, amma ba shi ne na zamanin Musa ba, wato Kora na Littafin Ƙidaya. Ƙarnuka da yawa suna tsakanin mutanen biyu, labarin dukiya ne kurum ya haɗa sunayensu.

An yi sarakuna masu dukiya da yawa a duniya, an kuma manta da yawancinsu. Abin da ya sa masana tarihi ba su rabu da Kurosus ba shi ne, a zamaninsa, a birninsa kuma, aka fara buga kuɗin zinariya tsantsa da na azurfa tsantsa, kowanne dabam.

Kurosus ɗan gidan sarautar da Giges ya kafa ne wajen shekara ta 680 kafin haihuwar Almasihu (K.H.). Mahaifinsa Aliyatis jarumi ne wanda ya faɗaɗa ƙasar, tudun kabarinsa kuwa yana nan har wa yau arewa da Sardisu, faɗinsa ya haura mita 350. Yawancin labarin Kurosus daga Hirodotus aka same shi, wani marubucin Helenawa da ya rubuta tarihinsa kimanin shekara 100 bayan faɗuwar Sardisu. Bisa ga lissafinsa, Kurosus ya hau gadon sarauta yana da shekara 35, ya yi mulki shekara 14. Wannan ne ya sa aka saba sa mulkinsa tsakanin 560 da 546 K.H., ko da yake wasu masana na yanzu suna mai da hawansa baya zuwa wajen 585.

Tun yana yarima ya ɗanɗani ɗacin rashin kuɗi. Nikolas na Dimashƙu, marubucin da ya yi aiki a fadar Hirudus Babba, ya ba da labari cewa Aliyatis ya naɗa ɗansa hakimin Adramitiya, garin nan na bakin teku wanda daga baya manzo Bulus ya shiga wani jirginsa a hanyarsa ta zuwa Roma. Da uban ya umarci ɗan ya kawo runduna domin yaƙi, sai aka tarar yarima ya ɓarnatar da abin hannunsa. Ya tafi wurin attajirin da ya fi kowa a Lidiya neman rance. Attajirin ya bar shi tsaye a ƙofa har ya gama wanka, sa'an nan ya hana shi. A Afisa ne wani Bahelene ya ranta masa. Da Kurosus ya zama sarki ya sāka wa Bahelenen da amalanke cike da dukiya, ya ƙwace kayan attajirin nan ya keɓe wa haikalin Artimas. Bai sami sarautar a ruwan sanyi ba, gama akwai masu goyon bayan Fantaliyon, ɗan'uwansa da suke uba ɗaya. Hirodotus ya ce babban mai goyon bayan nan, Kurosus ya sa aka yi ta jansa a kan wani abin tsefe ulu mai haƙoran ƙarfe har ya mutu. Mai kyauta ne, amma ba ya mantuwa da wulakanci.

Cikin abubuwan da ya gāda akwai wani sabon abu a duniya, wato sulalla. Kafin wannan zamani ana ciniki da azurfa da zinariya ne a kan ma'auni, kamar yadda Ibrahim ya auna wa Efron shekel 400 na azurfa domin kogon Makfela. A ƙarni na 7 K.H. mutanen Lidiya da maƙwabtansu Helenawa suka fara yanka ƙarfe mai daraja ƙanana ƙanana, nauyi ɗaya, su ɗora kowane guntu a kan uwar maƙera wadda aka sassaƙa wa siffa, su kafa masa ƙusa, su buga da guduma. Sulallan Aliyatis suna ɗauke da kan zaki mai buɗaɗɗen baki. An tono irinsu a ƙarƙashin haikalin Artimas na Afisa a 1904 da 1905. Wanda ya fi yawa a cikinsu nauyinsa giram 4.7 ne, wato sulusin babban sule da ake kira sitata.

Sai dai waɗannan sulalla ba zinariya ba ne, ba kuma azurfa ba. Garwayen biyun ne, abin da mutanen dā suke kira farar zinariya. A nan wahalar take. Wanda aka miƙa wa sulen farar zinariya yana iya auna nauyinsa, amma ba ya iya sanin nawa ne zinariya a ciki, alhali darajar zinariya ta ninka ta azurfa fiye da sau goma. Binciken zamanin nan ya nuna sulallan fadar Lidiya suna da zinariya kimanin kashi 54 cikin ɗari, azurfa wajen kashi 44, sauran kuma jan ƙarfe. Na wasu garuruwa kuwa kowanne da nasa gwargwado. Akwai dutsen gwaji, wani baƙin dutse mai santsi wanda Helenawa suka laƙaba wa suna dutsen Lidiya. Akan goga ƙarfen a kansa, a gwada launin zanen da na zinariyar da aka san ingancinta. Amma dutse fatar sule kaɗai yake karantawa. Da masu bincike suka duba wasu sulallan Lidiya da na'ura, sai suka tarar fatarsu ta fi cikinsu yawan zinariya, suna kuma ganin da gangan maƙeran fada suka yi haka domin launin ya yi kyau. A cikin ƙasa hatimin sarki yana iya tilasta wa mutane su karɓa. Da zarar an ƙetare iyaka, baƙon ɗan kasuwa ko sojan haya ba ruwansa da zaki, ƙarfen yake tambaya.

Rashin amincewa da zinariya tsohon ciwo ne. Cikin wasiƙun da aka tono a Amarna ta ƙasar Masar akwai wadda Burnaburiyash sarkin Babila ya aika wa Fir'auna a ƙarni na 14 K.H., yana gunaguni cewa zinariyar da aka kawo masa, nauyin maina 20, da aka sa ta a tanderu ko maina 5 ba ta fito ba. Maƙeran dā sun iya raba ƙarfe mai daraja da marar daraja tun dubban shekaru kafin Kurosus, darma ce kuwa makaminsu. Sukan narka ƙarfen tare da darma a cikin kasko marar zurfi, su yi ta hura iska a kansa da zugazugi. Iska takan mai da darmar wani irin dauɗa mai ruwan ɗorawa, dauɗar ta kwashe jan ƙarfe da kuza da sauran tarkace, azurfa ko zinariya ta rage a tsakiya tana ƙyalli. Annabi Irmiya, wanda ya yi zamani da mahaifin Kurosus, ya san wannan aiki sarai. A ƙarshen sura 6 ta littafinsa ya kwatanta mutanensa da ƙarfen da aka yi ta yi wa zuga har darma ta ƙare, dauɗar kuwa ba ta rabu ba. Amma darma tana da iyaka. Ba ta iya raba zinariya da azurfa, gama dukansu biyu ba sa jin tsoron iska da wuta. Idan suka shiga kaskon a gauraye, a gauraye za su fito.

Maganin da maƙeran Sardisu suka yi amfani da shi yana cikin kowane ɗakin girki, wato gishiri. A 1968 masu tonon kayan tarihi na jami'o'in Harvard da Cornell na Amurka, waɗanda suka fara aiki a Sardisu tun 1958, suka ci karo da wani wuri a bakin rafin Faktolus da yake ratsa gefen birnin. Wani matashin masani mai suna Andrew Ramage ne ya gane abin da yake gani. Akwai ƙananan ramuka birjik a ƙasa, da kufan tanderu na tubali, da bakunan zugazugi na yumɓu, da dauɗar darma, da ɓallin tukwane, da kuma 'yan guntayen zinariya da aka buga suka yi falle kamar ganye. Matatar zinariya ce ta ƙarni na 6 K.H., ita ce kuma shaida tabbatacciya mafi tsufa da aka samu ta raba zinariya da azurfa. A tsakiyar wurin akwai bagaden gunkiyar ƙasar, Kubaba, da siffofin zakoki a kusurwoyinsa.

Daga waɗannan tarkace masana suka gano yadda aikin yake tafiya. Maƙeri yakan buga farar zinariya har ta yi falle, ko kuwa ya ɗauko garinta yadda yake, domin gishiri ya sami inda zai ci. Sai ya jera ta cikin tukunyar ƙasa irin ta dafa abinci, hawa hawa, tsakanin kowane hawa da na bisansa ya zuba gishiri gauraye da garin tubali ko yumɓu. A rufe tukunyar, a sa ta a tanderu, a yi ta ba ta wuta sa'o'i masu yawa, watakila ma kwanaki. Gwanintar duka tana wurin riƙon wutar. Zinariya tana narkewa a digiri 1,064 na ma'aunin Salshiyas, aikin kuwa yana bukatar zafin da bai wuce kimanin digiri 800 ba. Idan wuta ta yi yawa ƙarfen ya narke ya dunƙule, aiki ya ɓaci, gama gishiri ba zai kai cikin dunƙulen ba. Idan ta yi kaɗan, an yi asarar itace. Mutanen nan ba su da ma'aunin zafi, launin wuta da idon gwani ne kurum. A wannan zafi gishiri da yumɓu sukan saki wani tururi mai cin azurfa, ya zare ta daga jikin zinariya, ta shige cikin garin tubali da jikin tukunya da bangon tanderu. Da aka duba fallayen nan na Sardisu da madubin ƙara girma, sai aka ga fuskarsu cike da ƙananan ramuka kamar soso, inda azurfa ta fita. Sa'an nan a wanke zinariyar, a narka, a goga a dutse. Idan ba ta kai ba, a sake mai da ita tukunya.

Azurfar ma ba a bar ta ta tafi a banza ba. Akan tattara garin tubalin da fasassun tukwanen, a narka su da darma, darma ta tsotse azurfar, sa'an nan a koma ga tsohuwar hanyar nan ta zuga a cikin ramukan ƙasa. Da haka daga garwaye ɗaya ake fitar da ƙarfe biyu tsarkakakku.

An daɗe ana cewa rafin Faktolus ne yake kawo farar zinariya daga Dutsen Timolus, har Helenawa suka ƙaga tatsuniyar sarki Midas wanda ya yi wanka a rafin ya bar masa zinariya. Amma wani bincike da aka buga a 2020 ya nuna ƙwayoyin zinariyar da ake samu a rafin da kewayensa kusan tsantsa suke. Saboda haka masu binciken suna ganin garwayen da ake tacewa daga wani wuri ake kawo shi, mai yiwuwa daga ma'adinan arewa maso yamma, wajen Fargamas da Taruwasa, inda Lidiya ta mallaka. Sitrabo, masanin ƙasa na zamanin Romawa, ya riga ya ambaci ma'adinan da suke tsakanin Atarniyus da Fargamas a kan su ne tushen arzikin sarakunan Lidiya.

Sababbin sulallan Kurosus suna ɗauke da gaban zaki da gaban bijimi suna fuskantar juna. Da fari sitatar zinariya da ta azurfa nauyinsu ɗaya ne, kimanin giram 10.7. Daga baya aka rage ta zinariya zuwa kimanin giram 8.1. Lissafi ne ya kawo ragin. A lokacin giram ɗaya na zinariya yana daidai da giram 13 da sulusi na azurfa, saboda haka sabuwar sitatar zinariya ta zama daidai da sitata 10 na azurfa, canjin da ko yaro zai iya yi da yatsunsa. An kuma buga ƙananansu, sulusi, da sudusi, da ɗaya bisa 12, har da waɗanda ba su kai ƙwayar masara ba. Gwaji ya nuna zinariyarsu ta kai kashi 98 zuwa 99 cikin ɗari. A 1922 aka tono wata 'yar tukunya a Sardisu da sitata 30 na zinariya a ciki.

Kurosus ya ci garuruwan Helenawa na gaɓar teku ɗaya bayan ɗaya, ya fara da Afisa, ya sa musu haraji. Duk da haka shi ne ya ba da yawancin ginshiƙan haikalin Artimas, gutsattsarinsu masu ɗauke da sunansa suna gidan tarihi na Birtaniya a Landan. Wannan haikali ya ƙone a 356 K.H., wanda aka gina a madadinsa ne maƙeran azurfa suka tayar wa Bulus da tarzoma a kansa. Amma babbar kyautarsa ta tafi Dalfi ne, matsafar gunkin Afolo a ƙasar Helenawa, inda sarakuna suke aikawa a yi musu duba. Hirodotus ya lissafta tubalan ƙarfe 117, girmansu duka ɗaya. Huɗu na tatacciyar zinariya ne, kowanne talanti biyu da rabi, sauran na farar zinariya, kowanne talanti biyu. A bisansu aka ɗora zaki na tatacciyar zinariya mai nauyin talanti 10, talanti kuwa a ma'aunin Atina kimanin kilo 26 ne. Wannan jeri ya fi yawancin labaran Hirodotus amfani, gama zinariya ta kusa ninka azurfa nauyi, tubali mai girma ɗaya da ya kasa ɗan'uwansa da kashi ɗaya bisa biyar kuwa, lissafi ya nuna zinariyarsa wajen kashi 70 ce. Ashe fadar da ta aiko da kyautar ta san bambancin ƙarfen biyu, ta kuma iya fitar da kowanne da yawa. Sarkin ya ƙara da raba wa kowane mutumin Dalfi sitata biyu na zinariya.

Sauran labaran fadarsa sun fi kama da hira. An ce ya yardar wa wani baƙo daga Atina ya ɗebi iyakar zinariyar da jikinsa zai ɗauka, baƙon ya cika takalmansa da rigarsa, ya barbaɗa a gashinsa, ya cusa a bakinsa, ya fito yana tangaɗi, sarki ya yi ta dariya ya ƙara masa. An kuma ce Solon mai hikima ya ziyarce shi, aka zaga da shi taskoki, amma ya ƙi kiran sarkin mai albarka tun ba a ga ƙarshensa ba. Tun zamanin dā ake shakkar wannan ziyara domin shekarun ba su dace sosai ba. A gidansa dai akwai baƙin ciki. Ɗansa ɗaya bebe ne, ɗayan kuwa, Atis, mashin wani baƙo da sarkin ya ba mafaka ya kashe shi bisa kuskure a wurin farautar gadu. Uban ya yi makoki shekara biyu.

Labarin Farisa ne ya tashe shi daga makokin. A 550 K.H. Sairus ya kā da Astiyagis sarkin Mediya, mijin 'yar'uwar Kurosus. Kurosus ya aika Dalfi, aka amsa masa cewa in ya yaƙi Farisa zai rushe babbar daula. Bai tambaya ko wace daula ba ce. Ya ƙulla alkawari da Sifata, da Amasis na Masar, da Nabonidus sarkin Babila wanda ɗansa ne Belshazzar, ya haye kogin Halis. Aka gwabza a Fiteriya ba wanda ya yi nasara. Da yake sanyi ya gabato, ya koma Sardisu, ya sallami sojojin haya, ya aika wa abokansa su taru bayan wata biyar. Wannan ne kuskuren da ya ci shi, gama Sairus bai bi al'adar hutun sanyi ba, ya biyo sawunsa. Mahayan Lidiya sun fi na kowa a lokacin, sai Sairus ya sauke kayan raƙumansa ya sa su a gaba. Dawakai suka ji warin raƙuma suka juya. Aka kewaye birnin kwana 14. Kagarar tana kan dutse mai tsayi, akwai kuma wani gefe da ba a tsaro domin an ɗauka ba mai iya hawa. Wani sojan Sairus mai suna Hiroyadis ya ga wani mai gadi ya sauko ta nan ya ɗauki kwalkwalinsa da ya faɗi, ya koma. Kashegari ya bi wannan hanya, wasu suka bi shi. Haka aka sake cin birnin ta wurin da ba a tsaro wajen 214 K.H., a zamanin Antiyokus na Uku, shi ya sa masu sharhi da yawa suke ganin gargaɗin yin tsaro da aka yi wa ikilisiyar Sardisu ya taɓo tarihin da mutanen garin suka sani.

Labarai sun rabu a kan ƙarshen Kurosus. Hirodotus ya ce Sairus ya ɗora shi a kan tarin itace aka cinna wuta, ruwan sama ya kashe ta, ya zama mai ba Sairus shawara, daga baya kuma ɗansa Kambisis. Mawaƙi Bakilidis ya ce sarkin ne da kansa ya hau tarin itacen tare da iyalinsa don kada ya shiga bauta. Wata tulu da aka zāna a Atina wajen 500 K.H., wadda take gidan tarihi na Louvre a Faris, ta nuna shi zaune a kan kursiyi bisa itacen, bawansa yana shirin kunna wuta. Wani allon yumɓu na Babila ya ce a 547 K.H. Sairus ya ci wata ƙasa ya hallaka sarkinta, amma allon ya gutsure daidai wurin sunan ƙasar, masana kuma suna gardama ko Lidiya ce.

Ƙasa ta adana shaidar ranar faɗuwar. A gindin ganuwar Sardisu, mai kaurin kusan mita 20, an tarar da toka, da kawunan kibau, da ƙasusuwan sojoji. Kusa da ɗayansu aka sami ƙaramin sulen azurfa mai zaki da bijimi, a 2002 kuma aka sami wasu biyu, ɗaya na zinariya ɗaya na azurfa, a ƙarƙashin ɓaraguzan. Kafin wannan, akwai masu cewa Farisawa ne suka fara buga waɗannan sulalla, aka laƙaba wa Kurosus. Sulallan da gini ya rufe tun ranar yaƙin sun kashe wannan gardama.

Sairus bai taɓa kuɗin ba. Maƙeran Sardisu suka ci gaba da buga zaki da bijimi wajen shekara 30 a ƙarƙashin Farisa, har Dariyus na Ɗaya, wanda ya yi mulki daga 522 zuwa 486 K.H., ya fito da nasa sulen zinariya mai hoton sarki riƙe da baka, nauyinsa giram 8.4, zinariyarsa fiye da kashi 95. Shi ne darik. Marubucin 1 Tarihi ya yi amfani da shi a sura 29 domin ya bayyana wa mutanen zamaninsa yawan baikon da aka tara wa Haikali a kwanakin Dawuda. Sa'ad da Ezra kuma ya tashi daga kogin Ahawa a zamanin Artashate, cikin kayan da ya auna wa firistoci akwai kwanonin zinariya 20 waɗanda aka ƙiyasta a kan darik 1,000. A rana ta huɗu bayan isarsu Urushalima aka sake auna kome a Haikali, aka ƙirga, aka rubuta nauyin.